Takin kaji ya ba ni ganye amma ƙamshi ya ragu: wane taki ya dace da tsiron magani?

Mai lambu, hanyar Pitowa (Garwa)

Assalamu alaikum 'yan'uwa manoma da masu sana'ar magani. Ina da tambaya a kan taki, kuma ina roƙon duk wanda ya san abin ya buɗe mini shi sosai, domin abincin gida biyu ya rataya a kai.

Lambuna yana kan hanyar Pitowa, ta ɓangaren kogin Binuwai. Rabinsa na sama rairayi ne ja-ja, in ka ba shi ruwa da safe kafin azahar ya shanye. Rabinsa na ƙasa baƙar laka ce mai tsagewa da rani. Albasa da tumatir nake yi kamar kowa, sai gwaggona, ƙanwar mahaifina, wadda ke sayar da maganin gargajiya a kasuwa, ta sa na ware mata yanki. Masu kawo mata kaya daga daji sun ragu, abin da suke kawowa ya yi tsada, wani lokaci ma a gauraye da ganyen da ba shi ba. Yanzu ina da ɗaɗɗoya, na'ana'a, tazargade, jar yakuwa ta zoɓo, zogale a jikin shinge, da 'yar tafarnuwa lokacin sanyi.

Gwaggo ta ce kada takin zamani ya taɓa yankinta, to na bi. Taki iri biyu nake samu. Na farko tsohon kashin shanu ne daga makwancin shanun wasu Fulani, ya bushe ya koma gari. Na biyu kashin kaji ne daga wani gidan kiwo a bayan gari, haɗe da garin katakon da ake shimfiɗa musu. Da gangan na raba fangalin ɗaɗɗoya da na tazargade gida biyu, wannan na shanu, wancan na kaji, don in ga wanda zan riƙe.

A ido, na kaji ya yi nasara nesa ba kusa ba. Ganye faffaɗa, kore shar, reshe ya kai ƙugu alhali na shanu bai wuce gwiwa ba. Amma in ka murza ganyen a hannu, na shanu ne ke hawa kai. Na kaji sai ka kai shi hanci sosai. Tazargaden ma ɗacinsa bai kai na ɗaya gefen ba. Da aka shanya, na kaji ya ɗauki lokaci kafin ya bushe, ya yi baƙi-baƙi, ya kuma ragu ƙwarai. Darɓa da farin ƙuda duk a kansa suka tare. Gwaggo ta ce wannan ganyen miya ne, ba za ta sayar wa mara lafiya da shi ba, kuma ta ƙara da maganar da ta saba, wai na daji ya fi na gida ƙarfi ko da me ka ciyar da shi.

To shin takin ne ya rage ƙarfin, ko dai hanci ne ke ruɗinmu? In takin ne, wanne ya dace da waɗannan tsirrai, kuma nawa ake zubawa? Akwai kuma masu amalanke da ke tallar ƙasar juji da araha, baƙa wuluk, maƙwabtana suna saye suna yabawa. Ban saya ba tukuna. Wani ya ce in riƙa barbaɗa toka. Ina so in ji daga waɗanda suka riga ni.

Tsohon malamin gona, Marwa

Wa alaikumus salam ɗana. Hancinku bai ruɗe ku ba, kuma ka gaishe da gwaggonka, ta san sana'arta.

Ƙamshin ɗaɗɗoya da na'ana'a wani mai ne da tsiron ke tarawa a cikin 'yan ƙananan jakunkuna a fatar ganye. Tazargade ma a irin waɗannan jakunkuna yake ajiye sinadarinsa. Tsiro yana yin su ne don kare kansa daga ƙwari da zafin rana. Kashin kaji ya fi duk takin dabbobin da muke da su a nan yawan naitirojin, kuma yana sakinsa da sauri. In tsiro ya samu naitirojin fiye da buƙata ga kuma ruwa a wadace, sai ya zuba ƙarfinsa wajen faɗaɗa ganye da miƙa reshe. Ganyen ya cika da ruwa, fatarsa ta yi laushi, man kuma bai ƙaru daidai da girman ba. Kamar shayi ne da aka ƙara wa ruwa: kofi ya cika, ɗanɗano ya gudu. Laushin nan shi ne ya kira maka darɓa, domin tsotsa take yi, kuma ta fi son ruwan ganyen da naitirojin ya yi wa yawa. Reshen da ya cunkushe ya hana rana shiga ciki, wannan ma yana rage man.

Kada ka tsaya ga hanci kaɗai. Yanki kilo ɗaya daga kowane gefe, rana ɗaya, lokaci ɗaya, ka shanya su a inuwa ɗaya, in sun bushe ƙayau ka sake aunawa. Abin da ya rage shi ne kayan sayarwarka. Za ka ga da idonka nawa ne ruwa a cikin girman da ya burge ka.

Inda ban bi gwaggonka ba shi ne cewa na gida ba zai taɓa kamo na daji ba. Abin da na daji ya samu shi ne rana cikakkiya, ruwa daidai ƙima, da girma a hankali, kuma duk ana iya ba shi waɗannan a lambu. Yunwa kuwa ba ta ƙara wa tsiro ƙarfi. Rairayin irin naka, ruɓaɓɓen abin da ke cikinsa sau da yawa bai kai kashi 1 cikin 100 ba, saboda zafinmu da gara suna cinye shi da wuri. Ku a Garwa zafin Maris da Afrilu yana haura digiri 40. Tsiron da aka dasa a irin wannan ƙasa ba taki zai tsumbure, ganye ya yi rawaya, ka rasa ganyen ka rasa man. Taki matsakaici, wanda ya ruɓe, yana ƙara duka biyun. Wanda ya wuce kima ne ke ɓata lissafi.

Tambayar da nake so ka riƙa yi wa kanka kafin ka zuba komai ita ce: a wane sashe na tsiron maganin yake? Zogale ganyensa ake ci, kuma yankansa ake yi yana sake tohowa, shi yana iya cin taki sosai. Ɗaɗɗoya, na'ana'a da tazargade mai da ɗaci ake nema, su a ba su da sauƙi. Yakuwar zoɓo kuwa, jan ƙoƙon da ke rufe 'ya'yan ake so. In ka cika mata naitirojin za ta yi maka tsawo da ganye, zoɓon ya yi kaɗan. Ita ba ta fure sai yini ya fara gajarta, wajen Satumba zuwa Oktoba, saboda haka takinta tun wajen shuka ne, ba a ƙara mata a ƙarshen damina. Tafarnuwa yajinta daga sinadarin farar wuta yake fitowa, kuma takin dabbobi yana ɗauke da shi, abin da yuriya ba ta da shi sam. Amma a ba ta tun kafin dasawa. Masu albasa a Meskin da Gazawa, nan kusa da Marwa, duk sun san albasar da aka ɗura wa taki daf da cira ba ta jure ajiya, wuyanta ba ya rufewa, a rumbu take ruɓewa. Tafarnuwa ma haka take. Filasko, in ka taɓa sha'awar shuka shi, a busasshen rairayi yake fitowa da kansa, yawan ruwa ne ma ke kashe shi.

Ni a nawa aikin, ga masu ƙamshi, kilo 1 na ruɓaɓɓen taki nake ba kowane fili mai faɗin mita 1 da tsawon mita 1, wato tan 10 a hekta, a cuɗa shi da ƙasar sama kafin dashe. Zogale da kayan miya suna ɗaukar ninki biyu ko uku na haka. A rairayin ka raba shi, kaɗan wajen dashe kaɗan bayan yanka, domin ruwa yana wanke shi. A lakar ka rage, ita tana riƙewa.

Garin kashin shanun da kake samu yana da sanyi, shi ya sa bai yi wa ɗaɗɗoya yawa ba. Sai dai ka sani rana ta riga ta ƙone yawancin naitirojin ɗinsa tun yana makwanci, kuma yana zuwa da irin ciyawa. Kashin tumaki da awaki ya fi shi, in kana samu.

Batun toka, a yi hankali. Tana da fotash da alli, tana kuma rage tsamin ƙasa. A jan rairayinka ɗan barbaɗe sau ɗaya a shekara ba laifi. A baƙar laka irin ta karal, wadda muke dasa muskuwari, wato dawar rani, a kai, babu tsamin da za a rage, in ka ƙara mata toka sai ka ga sabon ganye yana fitowa fari-fari domin tsiron ya kasa jan ƙarfe daga ƙasa. Kuma kada ka haɗa toka da ɗanyen kashin kaji. Warin da ke tashi ya shiga ido in an haɗa su, naitirojin ɗinka ne ke bin iska.

Hajiya mai garin zogale, Injamena

Sallama gare ku. Baba ya yi bayani, Allah ya ƙara lafiya. Ni dai zan tsaya wa kashin kaji, kada ƙanena ya karanta wannan ya yi watsi da shi.

Zogale nake nomawa a bakin kogin Shari, ina shanyawa ina dakawa ina sayar wa mata masu shayarwa da masu yara. Ruwan samanmu bai kai naku ba, ƙasarmu ta fi taku wahala, kuma ba abin da ke tayar mini da zogale bayan yanka irin kashin kaji. Sharaɗinsa ɗaya ne, ba ya zuwa daga gidan kaji kai tsaye ya hau fangali. Tara shi nake yi a inuwa, in haɗa da busasshiyar ciyawa da karan da aka sassara, in jiƙa, in rufe da tsofaffin buhuna, in riƙa juyawa har warin ya mutu ya koma ƙamshin ƙasar da aka yi wa ruwan fari. Sannan a gefe nake tona masa in binne, tazarar taƙi ɗaya daga gindi. Ɗanyensa yana ƙone saiwa, kuma yana da gishiri. Mu nan da ruwan sama ba ya isa ya wanke ƙasa, wanda ya yi shekaru yana zuba shi da yawa zai ga fari-fari yana fitowa a bakin fangali, gefen ganye yana ƙonewa. Garin katakon da ke ciki ma in bai ruɓe ba, shi zai fara cin abincin ƙasar kafin tsiron ya samu.

Abin da ya sa na shigo dai maganar juji ce. Ƙanena, don Allah kada ka saya. Da mugun rawa gara ƙin tashi. Jujin da iyayenmu suka sani toka ce da shara da kashin awaki da ɓawon gyaɗa. Jujin birni na yau, ka sa hannu ka tona ka gani: fasassun batura, leda da aka ƙona, gwangwanin fenti, kwalaben magani, tsumman da aka goge baƙin mai, ƙunzugun yara. Baƙin da kake gani rabinsa toka ce ta roba. Na ga lambun da aka zuba shi, ganye ya yi kyau ƙwarai, shi ya sa maƙwabtanka ke yabo. Amma mu ganyen muke busarwa mu daka, abin da ke cikin tuli guda ya dawo cikin cokali, mu ba jaririn da dama ba shi da ƙarfi. Mai tumatir ma bai kamata ya saya ba, balle mai magani.

Wani abu kuma da ya taimake ni a rairayi shi ne garin gawayi. Ragowar da ke ƙasan buhu wajen masu sayarwa, wadda ba ta kama wuta, ita nake karɓa. Ba na zuba ta haka nan, cikin tulin takin nake sa ta tun farko ta sha ruwansa. Inda na sa ta ƙasar tana jimawa da laima, kuma ba ta ɓacewa a shekara ɗaya yadda taki ke yi. Ku da kuke kusa da masu shinkafa na Lagdo, ɓuntun shinkafa da aka babbake bai zama toka ba yana yin wannan aikin.

Mai harhaɗa magani, Ngaundare

Assalamu alaikum. Baba da Hajiya sun gama da ɓangaren noma, ni ta ɓangaren mai sha zan yi magana, domin mu ne ke ganin mutane bayan sun sha.

Hajiya ta yi gaskiya a kan juji. Batirin mota da wasu tsofaffin fenti suna da dalma, wasu batura masu caji suna da kadmiyam. Waɗannan ba sa ruɓewa, tafasa ba ta kashe su, kuma in sun shiga ƙasar lambu sun zauna ke nan shekara da shekaru. Wani kaso tsiro ke ja ta saiwa, wani kuma ƙura ce da ke manne wa ganye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka ga busasshen tsiron magani: dalma kada ta wuce miligiram 10 a kilo, kadmiyam kada ya wuce miligiram 0.3. Ba wanda zai gane wannan da ido ko da harshe. Wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010, inda ɗaruruwa suka rasu, ya san ba abin wasa ba ce. Can daga haƙar zinariya ta fito, amma dalmar ɗaya ce, kuma ƙwaƙwalwar yaro take fara taɓawa. Haka kuma a guji sharar majemar da ke aiki da sinadaran zamani, akwai kuromiyam a ciki. Ta masu jima da bagaruwa daban ce.

Na biyu ƙwayoyin cuta. Ɗanyen kashin kaji da na shanu suna ɗauke da masu sa gudawa da zazzaɓin hanji. Ka'idojin da hukumar ta fitar a 2003 kan noma da tsinkar tsirran magani sun ce a fili kada a yi taki da bayan gidan mutum, na dabbobi kuma sai ya ruɓe sarai. A dokar Amurka ta noman da ba a sa takin zamani, in an zuba ɗanyen taki sai an jira kwana 120 kafin a girbi abin da ke taɓa ƙasa, kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa. Na'ana'a a ƙasa take rarrafe, ana kuma jefa ta a shayi ko a ci ɗanya. Garin zogale ba a dafa shi, a kan koko ake barbaɗawa. Malam mai lambu, ka duba wannan da kyau. Kajin gidan kiwo kuma ana yawan ba su maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwan sha, wani kaso yana fita ta kashi, ruɓar da taki da zafi tana rage shi.

Sai tazargade, kuma ina roƙon Malam ya isar wa gwaggo da wannan cikin ladabi. Gaskiya ne daga irin wannan tsiron aka samo atimisinin, wanda Tu Youyou ta ƙasar Sin ta samu kyautar Nobel a kansa a 2015, kuma shi ne tushen magungunan zazzaɓin cizon sauro da muke bayarwa yau. Amma abin da Malam ya gani a lambunsa shi ne ainihin matsalar: iri ɗaya, lambu ɗaya, taki kawai ya bambanta, ƙarfi ya bambanta. Yawan sinadarin a busasshen ganye yana iya zama ƙasa da kashi 0.1 cikin 100, yana iya haura kashi 1, gwargwadon iri, ƙasa, lokacin yanka da yadda aka shanya. Mai dafawa a gida ba shi da hanyar sanin wanne ke hannunsa. Shi ya sa a 2019 hukumar ta ce ba ta goyon bayan shan shayinsa a matsayin maganin wannan zazzaɓi. In ƙarfin bai kai ba, zazzaɓin ya lafa ya dawo, ƙwayar cutar kuma ta koyi jure maganin da muke dogaro da shi duka. Yaro ko mai ciki in jiki ya yi zafi, a kai su a yi gwaji tun ranar.

Mai lambu, hanyar Pitowa (Garwa)

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Maganar juji ta mutu, kuma zan karanta wa maƙwabtana abin da Hajiya da Malama mai harhaɗa magani suka rubuta. Saƙon tazargade zai isa. Gwaggo dama ba ta ba yara shi, ta fi sayar da shi ga masu turare da wankan jego, amma zan faɗa mata yadda kuka faɗa.

Baba, ina da ƙari. Na tuge wasu yakuwa da suka tsaya ba girma, suna yaushi da rana ko an ba su ruwa, sai na ga saiwar duk ƙulle-ƙulle, wasu sun kai ƙwayar gyaɗa. A rairayin ne, inda na yi tumatir a baya. Wannan ma takin ne ya kawo? Sannan ku koya mini ruɓar da takin dalla-dalla, yadda zan san ya nuna. Hajiya ta ce ƙamshi, amma ina son wata alamar da zan nuna wa yaran da ke taya ni aiki. Akwai kuma tunkuzar angurya da ake samu nan Garwa saboda masana'antar man kamfanin auduga na SODECOTON, na ji an ce tana da ƙarfi.

Tsohon malamin gona, Marwa

Ɗana, ba takin ba ne. Wata tsutsa ce da ido ba ya gani, tana shiga saiwa ta zauna, saiwar ta kumbura a wurin, ruwa ya kasa hawa. Rairayi mai ɗumi take so, kuma tumatir, kuɓewa, gauta da yakuwa duk abincinta ne, ɗaɗɗoya ma tana kamuwa. Tumatirinka ne ya bar maka ita. Ka tuge waɗanda suka kamu da saiwarsu ka ƙone, kada su shiga ramin taki. Wurin kuma ka huta da shi da dawa, gero ko masara, ka kuma kafce shi a tsakiyar bazara rana ta gasa. Ruɓaɓɓen taki yana taimaka maka a nan, domin yana kawo ƙananan halittu da naman gwarin da ke cin tsutsar da ƙwanta, tsiron kuma ya samu ƙarfin fitar da sabuwar saiwa.

Abin da ya fi mini aiki a kanta shi ne tunkuzar 'ya'yan darbejiya. Mu a Marwa darbejiya ce inuwar titunanmu, mata suna tsince 'ya'yan suna matse mai, abin da ya rage shi nake saye. A daka, a cuɗa da ƙasa, a ba da ruwa, a jira mako biyu kafin dashe, domin ɗanyarta tana iya hana ƙananan iri tsirowa. Tana rage tsutsar, tana ciyar da ƙasa, kuma tana sa naitirojin ya fita a hankali, wanda shi ne abin da masu ƙamshinka ke so. In babu tunkuzar, ganyen darbejiya ma a cikin rami yana da amfani.

Tunkuzar angurya tana da ƙarfi da gaske, naitirojin ɗinta ya kai kashi 6 cikin 100, ya fi na kashin kaji. Ke nan abin da ka gani a ɗaɗɗoya zai maimaitu in ka sake hannu. Ga tsada, domin masu kiwo suna nemanta da rani. Shawarata ka ba dabba ita, ka kwashi kashin.

Ga yadda nake rami. A inuwar itace, zurfin bai wuce mita 1 ba, inda ruwan damina ba ya kwanciya. A ƙasa karan dawa da aka sassara. Sai busasshiyar ciyawa, ɓawon gyaɗa ko ganye mai kaurin taƙi, a bi da kashin dabba mai kaurin yatsu huɗu, a yayyafa ruwa da ɗan ƙasar lambu, a sake maimaitawa har ya cika. Busasshe ya fi ɗanye yawa, wajen kashi biyu ko uku bisa ɗaya. Laimar ta zama in ka matse a hannu ya dunƙule, ɗigo ɗaya ko biyu ya fito. Ganyen sabara da na kalgo ka riƙa sawa in kana samu, kuma in suna gonarka kada ka tumɓuke su, sassabe su kawai ka bar ganyen a ƙasa. Wanda ke da gawo a gona shi ma ya san abin da ake samu a ƙarƙashinsa.

Alamar da za ka nuna wa yaranka: ka soke ƙarfen rodi a tsakiyar tulin ka bar shi. Bayan 'yan kwanaki in ka zaro, ya kamata ya yi zafin da ba za ka iya riƙe shi a tafin hannu ba. Zafin da ake nema digiri 55 ne zuwa sama, shi ke kashe ƙwayoyin cutar da 'yata ta Ngaundare ta ambata, da irin ciyawa. Dokar Amurkan da ta kawo ta ce tulin da ake juyawa ya riƙe wannan zafi kwana 15, a juya shi sau 5 a ciki, don na gefe ma ya shiga tsakiya. In ƙarfen ya fito da sanyi tun farko, ko ruwa ya yi kaɗan ko kashin ya yi kaɗan. In ya fito da ɗoyi da yauƙi, ruwa ya yi yawa, a juya a ƙara busasshe. A zafinmu wata biyu zuwa uku ya isa. Ya nuna in an juya shi bai sake ɗaukar zafi ba, kuma ba ka iya gane wannan kara ne wannan kashi ne. In kana shakka, cika gwangwani biyu, ɗaya da ƙasa zalla ɗaya da ƙasa haɗe da takin, ka shuka irin yakuwa goma-goma. In na takin ya tsiro daidai da ɗayan, kai shi lambu. In ya yi jinkiri ko bakin ganyen ya ƙone, a ƙara masa lokaci.

Abu na ƙarshe, gefen lakarka. In yana cikin inda Binuwai ke hawa lokacin da aka saki ruwan madatsar Lagdo, kogin yana ajiye maka sabuwar ƙasa, ka rage takin wurin sosai a shekarar da ya hau. Kada ka haƙa ramin a can, kuma zogale da tazargade ka bar su a tudu, saiwarsu ba ta jure kwanan ruwa. Na'ana'a ce za ta ji daɗin wurin, ita ma a kan kunya mai tsayi.